Sojan da ya mutu yana da shekara 15

A arewacin garin Ypres na ƙasar Beljiyam akwai wata maƙabartar sojoji da ake kira Essex Farm, inda aka binne mutum sama da dubu ɗaya daga cikin waɗanda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci. Duwatsun kaburburan farare ne, tsayinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, amma akwai guda ɗaya da maziyarta suka fi tsayawa a kansa, musamman ɗaliban makarantu da ake kawowa daga Ingila. Kabarin Valentine Joe Strudwick ne, ɗan garin Dorking na Ingila, wanda aka haifa a watan Fabrairun 1900, aka kashe shi a ranar 14 ga Janairun 1916, saura wata guda ya cika shekara 16.

Tun da na san labarin wannan yaro, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya isa fagen daga. Dokar sojan Birtaniya ta lokacin ba ta yarda a ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ba a tura soja ƙasar waje sai ya kai 19. Shi kuwa yana da shekara 14 ya shiga, a farkon 1915, bayan ya ƙara wa kansa shekaru. Ba shi kaɗai ba ne, domin masana tarihi sun kiyasta cewa yara kusan 250,000 ne suka shiga sojan Birtaniya ba tare da shekarunsu sun kai ba. Ba a neman takardar haihuwa, ƙasa tana bukatar mutane ido rufe, masu ɗaukar aikin kuma ana ba su lada a kan kowane mutum da suka rubuta. Wanda ya dubi fuskar yaro ɗan shekara 14 ya ce ya ga magidanci, ya san abin da yake yi. Ina girmama ƙarfin halin yaron matuƙa, amma ban yarda a yi amfani da wannan ƙarfin hali a wanke manyan da suka kau da kai ba. Duk karramawar da ta tsaya a kan yabon jarumtarsa, ta tsallake tambayar wanda ya buɗe masa ƙofa, ta bar rabin hakkinsa a ƙasa.

Duk da haka, akwai abin da aka yi masa daidai, kuma ya cancanci a faɗa. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917 bisa ƙoƙarin Fabian Ware, ta ɗauki wata ƙa'ida da ta jawo mata surutu a lokacin: ba za a mayar da gawa gida ba, kuma dutsen janar ba zai fi na kurtu ba. Iyalai masu hali sun so a ba su 'ya'yansu su binne su kusa da su, su gina musu abin da ya dace da arzikinsu, hukumar ta ƙi. Na san wannan hukunci ya yi wa iyaye mata da yawa ciwo, domin akwai wadda har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sami kuɗin jirgin da za ta je ta ga inda ɗanta yake kwance ba. Amma saboda wannan ƙa'ida ce ɗan talaka kamar Strudwick yake da dutse irin na kowane hafsa, ɗauke da sunansa, da lambarsa, da rundunarsa, da ranar mutuwarsa, da kuma shekarunsa. An bar wa iyalai ɗan fili a ƙasan dutsen su zaɓi 'yan kalmomin da suke so, kuma waɗannan gajerun layuka su ne kaɗai wurin da muryar gida take fitowa a tsakiyar tsarin soja.

Waɗanda ba a ga gawarsu ba ma an rubuta su. A cikin garin Ypres, a jikin ƙofar Menin, an sassaƙa sunayen mutum sama da 54,000 da ba su da kabarin da aka sani, kuma tun 1928 ake busa begila a wurin da ƙarfe takwas na kowane dare, in ban da shekarun da Jamus ta mamaye garin a Yaƙin Duniya na Biyu.

A nan ne zuciyata take yin nauyi, domin wannan adalci bai kai ga kowa ba. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar da kanta ta kafa ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, kuma wataƙila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ko kuma ba a tuna da su ba sam. Akwai sojoji a cikinsu, akwai kuma 'yan dako da suka ɗauki harsashi da abinci a ka, suka mutu da yunwa da cuta a dazukan Afirka ta Gabas. Rahoton bai ɓoye dalili ba: wariyar launin fata ce ta jami'an mulkin mallaka, waɗanda suka ɗauka cewa baƙar fata ba ya bukatar dutse mai suna. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa. Babu shakka a cikin waɗannan dubbai akwai samari da yawa, kowanne da uwar da ta yi ta jiran dawowarsa. Yaron Dorking yana da inda za a tsaya a yi masa kuka bayan shekara ɗari, su kuwa ko inda aka haƙa musu rami ba a sani ba.

Duniya ta ɗan gyara dokokinta daga baya. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta mayar da sa yaron da bai kai shekara 15 ba cikin yaƙi laifin yaƙi, sannan a 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani ƙari a kan yarjejeniyar kare hakkin yara da ya nemi ƙasashe su hana wanda bai kai 18 ba shiga faɗa kai tsaye. Har yau ƙungiyoyin 'yan bindiga suna take wannan doka, kuma yaran da suke mutuwa a hannunsu ba su da mai rubuta sunansu.

Aikin neman sunayen da aka bari a baya kuma ya fara, ko da yake a makare. A watan Janairun 2025 aka buɗe wurin tunawa a birnin Cape Town ɗauke da sunayen 'yan Afirka ta Kudu sama da 1,700 da suka mutu suna yi wa soja aikin ƙarfi a wancan yaƙi. Idan aka auna wannan adadi da 116,000, za a ga cewa tafiyar da sauran nisa ƙwarai, kuma ina fata hukumar za ta bi tsofaffin takardun barikoki ɗaya bayan ɗaya tun kafin su lalace.