Inda direbobin tirela ke tsayawa

Daga Kano zuwa Maiduguri, tun a Wudil na lura direbanmu baya tsayawa sai inda tireloli suka yi layi. Ya ce mai bin hanya kullum ba ya cin tuwon jiya.

A Azare ya kai mu rumfar wata baiwar Allah mai masa. Daga tanda take kwasowa, ta zuba miyar taushe, ga ƙuli a gefe. Wallahi har yanzu ina jin ɗanɗanonta! Babu allo, babu suna, benci biyu ne da buta.

Potiskum kuwa garin kasuwar shanu ne, balangunsu ba ya buƙatar talla. Burabusko sai da muka isa Damaturu.

Allah Ya saka wa matan nan da ke ciyar da matafiya.