Ranar da hadari ya so ya watsa mana fim

Wallahi jiya mun sha wuya. Wata biyu muna shirin ɗaukar fim ɗin kayan da ƙawata ta ɗinka na aikin makaranta, muna fita kawai hadari ya haɗo, ga kyamarar ta aro ce dole mu mayar washegari, to babu zancen ɗagawa.

Iska ce ta fara, ta kifar mana da fitila sau biyu. Amma fa da muka ɗauka a firam 60, wato hoto 60 a sakan ɗaya, muka rage gudun zuwa 24 don motsi ya tafi a hankali, yadda rigar ke kaɗawa ya fi komai kyau. Gajimare ma ya taimaka, haske ya yi laushi babu inuwa a fuska, matsalar sai rana ta leƙo ta koma, nan haske can duhu, ni ce zan sha wahalar daidaita kala wajen editin.

Sai yayyafi. Siliki kuwa ɗigo ɗaya sai ya bar tabo, muka lulluɓe kyamara da leda, mai sanye da kayan muka bi ta da lema tana rawar sanyi tana hararata. Riguna biyu ko taɓa su ba mu yi ba.