Talata a Mabera: mai matsar mai, mai cefane

Yau Talata, ranar zaman lissafi da matan da ke sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwar Mabera da ke Sakkwato. Hunturu ya fara leƙowa, sabuwar gyaɗa ta cika kasuwa, lokacin da ya kamata a ce kowace mai sana'a tana ƙara jari. Amma da muka buɗe littafi da hantsi, yawancinsu jarin bai kai yadda yake kafin damina ba. Wata dattijuwa ta ce, "Malama, kullum cikin aiki muke, amma ba mu san inda kuɗɗin ka tahiya ba." Na ce, "Inna, a kawo gyaɗar yau mu bi ta daki-daki, za mu ga inda suke zuba."

Tiya goma aka auna. An fara da tsince ta, a fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓiya da duk wadda ta yi fumfuna, domin mai fumfunar nan tana sa mai ɗaci, kuma guba ce ga hanta. Sai suya a kasko da yashi mai tsabta, wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba hutawa har ɓawon ya riƙa fita da murzar yatsa. Nan ne da yawa ke yin asara. Idan suya ta yi yawa, man zai fito baƙi da ƙauri. Idan ba ta kai ba, za a sha wahalar tuƙi, man ya maƙale a cikin tunkuza. Bayan ta huce a murje, a sheƙe da faifai, a kai inji. A tabbatar mai injin ya wanke shi, don idan tattasai ko gero ya markaɗa kafin ke, ɗanɗanon zai bi man.

Matsar ita ce aikin ƙarfi. Ana zuba markaɗen a turmi, ana tuƙawa da taɓarya, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Ba ruwan sanyi ba, kuma ba a kwarara shi. Ruwa ya yi yawa, ƙullun ya saki, man ya ƙi rabuwa, shi ke nan. Idan an dace za a ga ƙullun ya dunƙule, mai yana tasowa sama ana kwashewa da ludayi. Daga nan dole a ɗora man a wuta har ya daina ƙara, alamar ruwan cikinsa ya ƙone; wadda ta yi gaggawar ɗurawa a kwalba, ba a jimawa zai canza wari. Tunkuzar kuma a sa mata gishiri, a mulmula, a soya ƙuli. Tiya goman nan ta ba mu wajen kwalba tara, kuma tun hantsi ba a gama ba sai bayan La'asar.

Da muka zo lissafi sai abin ya fito fili. Kuɗin mai kusan duka yana komawa ga kuɗin gyaɗa da itace da inji da ruwan 'yan ga-ruwa. Ribar tana cikin ƙuli. To kafin a sayar, an ɗebi kwalba ɗaya an yi miyar gida, yara sun cika aljihu da ƙuli, maigida ya fita bai bar na cefane ba an zari kuɗi daga gwangwanin sana'a an sayo kayan miya da garin masara. Ba wanda ya rubuta. A haka, mako bayan mako, tiya goma take komawa bakwai.

Shi ya sa idan na ji ana muhawara ko rabon aiki irin na iyaye da kakanni yana da sauran amfani, sai in ce ku zo ku duba gwangwanin nan. Ni a wurina yana da amfani ƙwarai, domin shi ne yake faɗin wanda za a tambaya idan tukunya ba ta hau wuta ba. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ci da sha da sutura da wurin zama suna wuyan miji ko da matar ta fi shi dukiya, kuma abin da ta samu da sana'arta nata ne, kamar sadakinta da gadonta. Al'adarmu ma haka ta tsara. Dubi rugar Fulani: shanu namiji ke kiwo, amma nono da man shanu da kuɗinsu na matar ne. Abin da ya faru yanzu, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi tsada, shi ne rabin tsarin ya rushe, rabi yana nan daram. Nauyin cefane ya gangaro kan mace, amma daka da shara da wanke-wanke da raino ba su motsa daga kanta ba ko kaɗan.

Ba na zargin kowane magidanci. Akwai mai fita tun Asuba da Keke Napep ko ya tafi lambun albasa a Kware ko Wurno, ya dawo da abin da bai isa ba. Malamai sun san da wannan, shi ya sa suka bambanta wanda ba shi da hali da wanda yake da shi ya ƙi. Abin da ke ci min rai shi ne a karɓi taimakon mace kamar wajibinta ne, ba godiya, ba lissafi, sannan a ce namiji ba ya taɓa aikin gida. Wa ke soya indomi da ƙwai a teburin mai shayi? Wa ke gasa tsire, wa ke shanya kilishi, su wa ke wanki da guga a unguwa? Maza ne. Ashe hannun ya iya, sai dai idan za a biya. Kuma hadisin Nana A'isha sananne ne, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa hidima, idan lokacin salla ya yi ya fita.

Wadda ta fi kowa biyan farashin wannan karkata ita ce yarinya. Uwa tana cikin gida, mai ba ya sayar da kansa, sai a ɗora wa 'yar shekara goma faranti ta zaga Tsohuwar Kasuwa da tashoshin mota a lokacin da 'yan uwanta maza suke aji. A Sakkwato ake wannan, garin da Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, take kwance a Hubbare. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, kuma ita ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata, tana naɗa malamai mata da ake kira jaji, ta ba su malfa, su shiga ƙauyuka su karantar da matan aure a gidajensu. Sannan gobe mu ne za mu je asibitin haihuwa mu ce sai likita mace ko ungozoma za ta duba iyalinmu. Daga ina za ta fito, idan ajinta ya wuce tana talla?

Kafin mu tashi mun tsayar da abubuwan da za a gwada. Gwangwani uku: na jari, na riba, na gida. Na jari ba a taɓa shi, ko baƙo ne ya sauka. Duk man da aka ɗiba don miya a auna shi da ludayi ɗaya sananne, a ja layi a bango ko a takarda, ƙarshen mako a nuna wa maigida cikin ladabi, ba don rigima ba, don ya san abin da gidansa ke ci. Wadda ta yafe ta yafe da saninta. Bashi kuma kada ya wuce kwalba biyu a waje.

Akwai ayyukan da muka ga sun fi dacewa da mazan, kuma matan za su kai maganar gida. Sayen gyaɗa a kasuwar ƙauye yanzu da kaka, a haɗa kuɗi a sayi buhu maimakon awon tiya-tiya a gari. A shanya ta ta bushe sosai, a ɗora buhun kan katako nesa da bango don kada danshi ya kama ta. Kai markaɗe inji da ɗauko shi, da kai kwalabe ga masu shago da masu tuyar ƙosai da waina, waɗanda za su riƙa yin oda ta waya. Idan masu saye tsayayyu suka kai uku ko huɗu, farantin talla ba shi da sauran aiki. Mata biyu sun ce mazajensu za su yarda ba musu, ɗaya ta ce sai ta bi ta hannun surukarta. Talata mai zuwa kowace za ta zo da takardar layukanta da gwangwanin jari a ƙirga a gaban kowa.