Dogara ga Allah a inda ban zaɓa ba

Akwai ayar da kusan duk matashin Kirista ya haddace ko da bai haddace wata ba, Irmiya 29:11, inda Ubangiji yake cewa ya san shirin da yake da shi dominmu, shirin alheri ne ba na masifa ba. Ita muke sawa a sitatus ranar gama makaranta, ita ake rubuta wa mutum in ya samu aiki ko zai yi aure. Nima da ita na tashi, kuma yanda na fahimce ta a lokacin shine tsarin da na zana wa rayuwata Allah ya gani ya sa hannu, saura kawai lokaci yayi.

Tsarin kuwa yana tafiya daidai. Na gama karatu, ban wani jima a gida ba na samu aiki, ina cikin mawaƙa a cocin da aka yi min baftisma, ga wanda muke maganar aure da shi har iyaye sun sani. Sai Baba ya faɗi. Hawan jini ne ya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, maganarsa ta sarƙe. Muna cikin wannan ofishinmu suka rage ma'aikata sunana yana ciki, daga nan 'yan'uwa suka yanke shawara a kai Baba garin da yayata take sabida can ne yafi kusa da asibitin da zai riƙa zuwa motsa jiki, kuma tunda ni ce ba ni da aiki ba ni da yara, ni ce zan bi shi. Maganar auren ma bata mutu da faɗa ba, a hankali ta mutu, kira ya koma mesej, mesej ya koma gaisuwa, har ranar da muka faɗa wa juna gaskiya. Duk wannan shekara bata zagayo ba.

Mutane sun yi ƙoƙari gaskiya, bazan ce basu damu ba. Wasu su ce min kina taki Allah na tasa, wasu su ce nan ba da jimawa ba zaki bada shaida, wani ma ya kira ni yace ya gani a addu'a kafin ƙarshen wata Baba zai miƙe da ƙafarsa. Na riƙe maganar nan da hannu biyu, nayi azumi, nayi addu'ar dare, wata ya ƙare wani ya kama Baba yana nan yanda yake. Abun da yafi damuna a lokacin ba ma ciwon bane kaɗai, tambayar da take cina a ciki ce, wai bangaskiyata ce bata kai ba ko kuwa Allah ne ya juya min baya. Kayana ma ƙin fito da su nayi daga akwati, a raina zaman nan na ɗan lokaci ne, kwanan nan komai zai koma yanda yake.

A layin jiran likita na karanta Irmiya sura 28 da 29 gaba ɗaya a wayata, ba don wani abu ba sai don jiran yayi tsawo, kuma abun da na tarar ya girgiza ni. Ashe wasiƙa ce. Annabi Irmiya yana Urushalima ya rubuta wa mutanen da sarki Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, harda sarkinsu da mahaifiyarsa da fadawa da masu sana'ar hannu. Mutanen da suka rasa gida da ƙasa da Haikali, waɗanda Zabura 137 take nuna mana a bakin kogi suna kuka sun rataye garayunsu sun kasa waƙa. A sura 28 akwai wani annabi Hananiya da ya tashi a cikin Haikali gaban firistoci da jama'a yace cikin shekara 2 Allah zai karya ƙarfin Babila kowa ya dawo gida, har ya cire karkiyar itacen dake wuyan Irmiya ya karya a gaban kowa. Maganar tayi daɗin ji, Irmiya da kansa sai da yace amin, Allah yasa haka. Amma ba Allah ne ya aike shi ba, kuma a shekarar ya mutu. Abun da Allah ya faɗa ta bakin Irmiya kuwa shekara 70 ne. Na ajiye wayar nayi lissafi, wanda aka kwashe yana da shekara 25 kenan sai ya kai 95 kafin alkawarin komawa ya cika, ma'ana da yawa daga cikin waɗanda aka fara karanta wa aya ta 11 a Babila aka binne su.

To me aka ce suyi kafin nan? Nan ne wurin da ya kama ni, aya ta 5 zuwa ta 7. Ku gina gidaje ku zauna a ciki, ku dasa gonaki ku ci amfaninsu, kuyi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi lafiyar birnin da na kai ku kuyi masa addu'a, don in ya zauna lafiya kuma kun zauna lafiya. Birnin waɗanda suka kama su fa. Allah bai ce su zauna a bakin ƙofa da kaya a ɗaure suna jiran a buɗe ba, cewa yayi su rayu sosai a wurin da basu zaɓa ba, kuma a cikin wannan zaman ne yace shirinsa na alheri ne. Ban ji daɗi ba da farko, don ni Hananiya nake son ji. Amma wani nauyi ya sauka daga kaina, sabida in mutanen Allah zasu iya zama a inda basu so kuma Allah yana tare da su, to zamana a ɗakin yayata ina jinyar Baba ba alama bace cewa an manta da ni.

A satin na fito da kayana na jera. Na je wurin faston cocin da nake zuwa ina zama a kujerar baya ina fita kafin a gama albarka, na faɗa masa sunana da abun da ya kawo ni garin. Mawaƙansu sun cika, amma ajin yara na ranar Lahadi babu mai taimakawa, sai na karɓa duk da ban taɓa koyar da yara ba. Na zauna na koyi jinyar Baba da gaske, yanda ake auna jini a rubuta, lokacin kowane magani, yanda ake juya shi kar ya samu gyambon kwanciya, atisayen hannu da ƙafa da ma'aikaciyar asibiti ta nuna min, harda yanda zan jira shi ya gama kalma da kansa ba tare da na ƙarasa masa ba, wannan kam shi yafi wuya. Nayi mamakin yanda addu'ata ta canza da kanta, daga Ubangiji ka fitar da ni daga nan ta koma Ubangiji me kake so nayi yau a nan.

Batun kuɗi kuma labarin annabi Iliya ne ya riƙe ni, 1 Sarakuna 17. Allah da kansa ya tura shi rafin Kerit, hankaki suna kawo masa abinci safe da yamma yana shan ruwan rafin, sai kuma rafin ya ƙafe. Ba laifi yayi ba, fari ne ya kai ga rafin kamar yanda ya kai ko'ina. Kuma sai bayan ya ƙafe ne maganar Ubangiji ta zo cewa ya tashi ya tafi Zarefat ta ƙasar Sidon, ƙasar su Yezebel matar sarki Ahab maƙiyin Iliya kenan, wurin gwauruwar da ita kanta ɗan garin da ya rage mata take shirin dafawa su ci ita da ɗanta su mutu. In ni ce aka ba zaɓi bazan taɓa zaɓar wannan gidan ba. Albashina shine Kerit ɗina, na saba da shi har na daina bambance shi da wanda yake bayarwa, da ya tsaya sai naga kaman Allah ne ya tsaya. Abun da ya biyo baya ba wani babban abu bane, wata 'yar'uwa a coci ce take neman mai shigar mata da lissafin kasuwancinta a kwamfuta, aikin da zan iya yi daga gida Baba yana barci, kuɗin bai kai rabin na da ba amma bamu taɓa rasa maganinsa ba. Manna ma, abincin da Allah ya riƙa saukarwa a jeji, haka take, shekara 40 Isra'ilawa suna tsinta kullum da safe, wanda ya ɓoye ta gobe ta yi tsutsa ta yi wari, amma a Joshuwa 5:12 da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana sai ta daina sauka, daga nan sai noma. Hanyar ce ta canza, mai ciyarwar yana nan.

Kar wani ya ɗauka daga nan na zama mai murmushi kullum. Akwai daren da Baba ya kasa faɗin sunana yana kallona hawaye na zuba masa, na shiga banɗaki nayi kukan da ban taɓa yi ba, kuma na kasa addu'a sam. Wata dattijuwa a cocin, wadda ita ma ta yi jinyar mijinta shekaru kafin ya rasu, na faɗa mata ina jin kunyar Allah don wani lokacin haushinsa nake ji. Tace, "'Yata, to wa zaki kai wa haushin in ba shi ba? Faɗa masa, ai ya riga ya sani." Nace, "Mama, ba saɓo bane?" Sai ta ce naje na karanta Zabura 13 da 88. Ta 13 da tambayar har yaushe ta fara, sau huɗu, sannan ta ƙare da dogara. Ta 88 kuwa har ƙarshe babu sauƙi, da duhu ta rufe, kuma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa don mu riƙa yi masa addu'a da ita. Tun daga nan na daina yi wa Allah kwalliyar magana, addu'ar da nafi yi ita ce ta mahaifin yaron nan a Markus 9:24 da yace ya bada gaskiya amma a taimaki rashin bangaskiyarsa, kuma Yesu bai kore shi ba, warkar masa da ɗa yayi.

Akwai abun da yake damuna a yanda muke bada shaida, kuma zan faɗa don ina ƙaunar ikilisiya. Kusan kullum wanda labarinsa ya ƙare da daɗi ne yake riƙe makirfo, na rasa aiki na samu wanda ya fi shi, an ce bazan haihu ba ga tagwaye. Muna gode wa Allah da waɗannan, gaskiya ne yana yi. Amma a kujerun nan akwai wanda yayi addu'a mahaifiyarsa ta rasu duk da haka, akwai wadda take jira har yanzu, su kuma sai su koma gida suna tunanin nasu Allahn daban ne. Alhali Ibraniyawa 11 da muke kira surar jaruman bangaskiya ta faɗa ƙarara cewa sun mutu basu karɓi abun da aka yi musu alkawari ba, daga nesa suka hango shi. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar dake jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma maganar nan ta Farawa 50:20 cewa kun nufe ni da mugunta Allah ya nufe ta da alheri, bayan shekaru masu yawa ya faɗe ta, da bakinsa, ba wani ne ya faɗa masa yana cikin rami ba. Shi yasa yanzu in naga mutum cikin zafi bana saurin jefa masa Romawa 8:28 mai cewa komai yana aiki tare don alherin masu ƙaunar Allah, na yarda da ayar ɗari bisa ɗari, amma na gwammace na zauna kusa da shi, na tambaye shi me zan ɗauke masa yau.

Kuma dogara ba naɗe hannu bane, wannan ma sai da na gane. A Ayyukan Manzanni 16 Bulus da abokan tafiyarsa sun so yin wa'azi a Asiya Ruhu Mai Tsarki ya hana, suka nufi Bitiniya nan ma aka hana, basu zauna ba suka gangara Taruwasa, a can ne wahayin mutumin Makidoniya mai roƙon Bulus ya je ya taimake su ya zo. Suna cikin tafiya aka juya su. Don haka ban daina tura takardun neman aiki ba, naje intabiyu an ƙi ni, na sake zuwa wani, kafin kowanne ina cewa Ubangiji in ba nan bane ka rufe, kuma in ya rufe ina jin zafi amma bana ƙara ɗaukar shi a matsayin hukunci.

Yanzu Baba yana takawa da sanda a cikin gida, maganarsa bata dawo duka ba kuma likita bai yi mana alkawarin zata dawo ba. Kwanan nan wani wuri suka kira ni aiki a wani gari daban, yayata tace zata iya da Baba in muka samu mai taya ta da rana, ni kuma zuciyata ta rabu biyu don yaran ajina sun shiga raina, ga Baba da ya saba da hannuna. Na zauna na faɗa masa komai, ya daɗe yana haɗa kalmomin kafin yace na bari muyi addu'a tukuna. Na kira Mama, dattijuwar nan ta coci, itama na faɗa mata, na roƙi mutanen su ƙara min lokaci sun yarda zuwa ƙarshen wata, kafin nan muna neman mai jinyar da Baba zai yarda da ita, in an samu zan tafi, in ba'a samu ba zan rubuta musu na gode na ci gaba da zama.