Godiyarmu bayan jana'izar Baba

Salama a gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ni ne babban ɗan marigayi. Mama ce ta sa ni in rubuta wannan a madadinta da ƙannena da jikoki, domin ƙafa ba za ta kai mu gidan kowa da kowa ba. Ranar Asabar da ta wuce muka kai Baba makwancinsa a ƙauyenmu da ke ƙasar Kafur, kusa da iyayensa, kamar yadda ya roƙa tun yana da baki. Ya yi barci cikin Ubangiji bayan doguwar jinyar shanyewar ɓarin jiki, yana da shekara saba'in da 'yan kai.

Godiya ta farko ta masu jinya ce. Likitoci da nas-nas na asibitin koyarwa da ke Shika sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Samarin Zumuntar Matasa sun raba kwana a tsakaninsu, wannan ya kwana yau wancan gobe, don Mama ta samu ta runtsa. Akwai ɗan'uwan da ya ba mu motarsa muna zirga-zirga tsakanin Funtuwa da Zariya, bai taɓa tambayar kuɗin mai ba. Ya hana a faɗi sunansa, mun bi umarninsa, amma ya san kansa.

Waɗanda ba su san Baba sosai ba sun yi mamakin taron da suka gani, har na ji wani baƙo yana tambaya ko marigayin fasto ne. Ba fasto ba ne. Kafinta ne, bai taɓa shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ko ta boko ma bai yi ba. An haife shi a gidan Maguzawa, kakanmu ne ya fara karɓar bishara a zuriyarmu, Baba kuma ya koyi karatu a ajin yamma da wani mai bishara yake yi a gindin bishiya. Yakan yi dariya ya ce ya girme wa ikilisiyar ECWA, tunda sai a 1954 ta tsaya da ƙafarta daga hannun mishan ɗin SIM, lokacin shi har ya fara bin awaki. Littafi Mai Tsarkinsa shi ne tsohon juyin Hausa na 1932. Da sabon juyi ya shigo ya saya, ya karanta, ya yaba, sannan ya ajiye ya koma wa tsohon. Idan mai karatu ya yi tuntuɓe a kan bagadi, sai ka ji muryar Baba daga bakin ƙofa tana ƙarasa masa ayar da ka. Mu muna yara kunya take kama mu, shi ko a jikinsa.

A bakin ƙofar nan ya yi rayuwarsa. Makullin majami'a a aljihunsa yake kwana. Shi ke buɗewa da asuba, shi ke buga ƙararrawa, tun tana tsohon ƙarfen ƙafar mota rataye a reshen darbejiya. Kafin kowa ya iso ya riga ya kaɗe ƙura, ya jijjiga kowane benci ya ji ko ƙusa ta saki. Bayan sujada yana cikin masu ƙirga baiko, kuma bai taɓa yarda ya ƙirga shi kaɗai ba, ko da sauran suna sauri. An zaɓe shi dattijon ikilisiya, ya yi wa'adinsa, da aka nemi ya zarce sai ya ce a ba yara, shi ƙofa ta ishe shi. Shi ya sa da Fasto ya buɗe Zabura ta 84 ranar jana'iza, ya iso inda mai zabura ya gwammace tsaron ƙofar gidan Allah, majami'a ta ɗauki guɗa maimakon kuka.

Abin da ya fi ba mu mamaki a zaman makoki shi ne yawan ayyukan da mu 'ya'yansa ba mu sani ba. Wata tsohuwa ta zo da littafin waƙoƙinta ta ce Baba ne ya koya mata haɗa baƙi bayan ta yi jikoki. Wata gwauruwa ta ce duk damina sai ya zo ya duba mata rufin ɗaki, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Wani mai bishara na EMS, ƙungiyar masu kai bishara ta ECWA, ya taso daga ƙauyen da yake aiki, ya gaya mana buhun masarar da yake samu kowace kaka daga gonar Baba yake fitowa. Mama dai ta san wannan na masarar, domin ita ce ke ganin rumbu yana raguwa.

Dattawa za su tuna watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya faro daga Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona majami'u. Ina ƙarami a lokacin. Maƙwabcinmu Musulmi, wanda muke kira Baffa, shi ya shigar da mu cikin gidansa, ya sa mu a ɗakin matansa, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna har ƙura ta lafa. Da aka koma yin sujada, Baba ya rufe shagonsa ya zauna yin sababbin bencina, kuɗin katako kawai aka biya. Bai taɓa barin a yi maganar ƙiyayya a gidanmu ba. Idan wani cikinmu ya fara, sai ya ce, "Je ka gaida Baffanka tukuna, ka dawo ka ƙarasa." Baffa ya tsufa yanzu, ido ya yi rauni, amma ya sa jikansa ya riƙo hannunsa har ƙauye. Baffa, ba mu da bakin gode maka. Allah ya ƙara lafiya, ya bar zumunci tsakanin jikokinka da na amininka.

Duk wanda ya rasu a ikilisiyarmu, Baba ne ke yi masa akwati, bai taɓa karɓar ladan hannu ba. Da tasa ta zo, yaran da ya koya wa sana'a suka taru a shagon, Kirista da Musulmi, wasu sun zama iyayen gidan kansu a Kano da Gusau. Suka hana mu sa ko sisi, suka kwana suna fiƙe katako. Da safe babbansu ya kira ni ya ce in zo in duba ko akwai inda Oga zai yi faɗa. Na duba, ban samu ba, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Baba ya san wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Domin gaskiya Baba ba mutum ne mai sauƙi ba. Addu'ar asuba a gidanmu ba ta da uzuri, sanyi ko zazzaɓi. Yana da taurin kai, kuma sau da yawa hidimarsa a waje Mama ce ke biyan kuɗinta a cikin gida: kuɗin cefane ya koma ƙusa da fenti, baƙon da aka kawo da tsakar dare a ce a dafa masa. Duk wanda ya yabi Baba a makon nan, rabin yabon nata ne. Mama, mun gode. Allah ya ba mu ikon riƙe ki yadda kika riƙe shi.

Muna godiya ga Fasto da uwargidansa, da dattawan ikilisiya, da wakilan gunduma da suka zo. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun karɓe madafa tun ranar rasuwa, ba mu san yadda aka ciyar da jama'ar nan ba, sai dai muka ga kowa da kwano a hannu. Da dare kuma suka ajiye muciya suka ɗauki tulu da caki, aka yi ta waƙoƙi har Mama ta miƙe ta taka. Zumuntar Maza sun ɗauki nauyin rumfuna da kujeru. 'Yan Birged sun ɗauki akwati a kafaɗa da faretinsu, 'yan kwaya sun rera waƙoƙin da yake so. 'Yan'uwa daga Baptis da Katolika da Angalika da HEKAN, mun gan ku.

Danginmu Musulmi, su Gwaggo da su Kawu da 'ya'yansu, sun zauna da mu daga farko har ƙarshe. Samarin ƙauye suka haƙa kabari tare, ba wanda ya tambayi wani inda yake ibada. Mai unguwa da dagaci da limamin unguwarmu sun zo gaisuwa da jama'arsu. Allah ya saka da alheri.

Waɗanda suka taso daga Malumfashi, Bakori, Kaduna, Jos da Abuja, mun san halin da hanyoyinmu suke ciki, mun gode wa Allah da ya mai da kowa gida lafiya. Waɗanda suka so zuwa hanya ta hana su kada su damu, kiranku da saƙonninku da gudummawarku duk sun iso. Wanda muka wuce shi ba mu gaisa ba cikin rikicewar ranar, ya yi mana gafara.

Za mu yi sujadar godiya ranar Lahadi mai zuwa a majami'armu ta Funtuwa, muna gayyatar kowa. Duk wanda yake bin Baba bashi, ko ya ba shi aiki ya biya kafin alƙalami bai karɓa ba, ya same ni a gida ko a shago, littafin lissafinsa yana hannuna kuma yaransa sun yarda za su ƙarasa abin da ya rage. Akwai tukwane da kuloli da tabarmi da har yanzu ba mu gane masu su ba, a zo a duba wurin Mama. Makullin majami'a mun miƙa wa dattawa. Ajin karatun manya na yammacin Talata da Baba yake koyarwa kuwa ba shi da malami yanzu, wanda zai iya ya ga Fasto bayan sujada.

Babban ɗan marigayi, a madadin iyali