Lambar da ke jikin kwali da hujin da ke jikin allo

Kowane kwalin harsashin masana'anta da alƙawarinsa yake zuwa a rubuce: nauyin harsashi kaza, gudunsa mita kaza a sakan guda. A shekarun da na yi ina koya wa sabbin ma'aikatan gandun daji riƙon bindiga a nan jihar Maraɗi, lambar gudun nan ita ce idon yara ke fara faɗawa a kai. Ajiye musu kwali biyu, ɗaya an rubuta 820, ɗaya 860, ba wanda zai waiwayi na farkon. Ba na ganin laifinsu sosai, tunda dukanmu mun tashi muna jin ana yabon bindiga da ƙarfinta. Sai dai filin harbi ya koya mini cewa lambar nan ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata mai riƙe da bindiga ya sani game da harsashinsa.

Ba wai masana'anta ƙarya take yi ba. Akwai hukumomin da ke sa ido kan ma'aunin harsasai, CIP a Turai tun 1914, SAAMI a Amurka tun 1926. Amma gwajin da ake yi, da bututu na musamman ake yin sa, sabo fil, wanda galibi tsawonsa ya kai santimita 61 ga harsasan manyan bindigogi, a ɗaki mai sanyi kusan digiri 21. Bindigar da ke rataye a kafaɗar ma'aikacinmu kuwa ta sha hannu, ta sha ƙura, bututunta ma sau da yawa bai kai wancan tsawo ba. Albarushi yana buƙatar fili ya gama tura harsashi, saboda haka duk santimita biyu da rabi da aka rage wa bututu, gudun kan ragu da mita 6 zuwa 9 a sakan, gwargwadon irin harsashin. Ɗauki harsashin .308 Winchester, wanda ya fito kasuwa a 1952, ɗan'uwan 7.62×51 na sojojin NATO: in ka sa shi a bindiga mai bututun santimita 50, kada ka nemi abin da aka rubuta a kwali, ba za ka same shi ba. Lambar ta wata bindiga ce, a wata ƙasa, a wani yanayi.

Maganar yanayi kuwa ita ce tamu ta musamman, kuma ita ce littattafan horo suka fi tsallakewa da sauri, don waɗanda suka rubuta su ba su san bazarar Maraɗi ba. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Ƙarfen da ke rana kuwa sai dai a ɗauke shi da tsumma. Albarushi mai zafi ya fi saurin ci, matsin da ke cikin bututu ya ƙaru, harsashi ya fita da ƙarin gudu. Iskar zafi kuma ba ta da kauri kamar ta sanyi, ba ta riƙe harsashi sosai. Su biyun suka haɗu, sai ka ga bindigar da aka daidaita saitinta da safiyar hunturu tana bugun sama a bazara, musamman in tazara ta yi nisa. Wata rana da azahar wani yaro ya bar kwalinsa a buɗe a bayan mota, saura kuma nasu na ƙarƙashin dogon yaro. Harsashi iri ɗaya ne, daga akwati ɗaya. Da ya harba, hujinsa suka hau sama da na ƴan'uwansa, kuma da ya zo zare kwanson sai da ya sa ƙarfi, ƙarfen ja ya yi tauri. Na ɗauki kwanson na nuna musu gindinsa: ƴar hular nan da ke tayar da wuta ta baje, gefenta ya shafe. Alamar matsi ce da ya wuce kima. Tun daga ranar ba sai na maimaita wa ajin nan cewa harsashi inuwa yake so ba. Haka ma wanda aka ɗura a bindigar da ta yi zafi aka bar shi yana jira, dahuwa yake yi a ciki, kuma ba zai je inda na gabansa ya je ba.

Auna gudun harsashi tsohon ilimi ne. Wani Baturen Ingila, Benjamin Robins, ya bayyana hanyarsa a 1742: a harbi wani nauyi da ke rataye, a lissafa gudu daga yadda ya yi lilo. A 1864 wani hafsan Beljiyam, Le Boulengé, ya fito da na'urar da ke yin aikin da lantarki. Ta yau, wata idanu biyu gare ta da harsashi ke giftawa ta samansu, wata kuma da rada take aiki. Abin da na ƙaru da shi daga wannan na'ura shi ne ganin cewa harsasai goma daga kwali ɗaya, gudu goma suke bayarwa. Bambancin da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri a cikinsu ya fi matsakaicin gudunsu muhimmanci. Lissafin ba shi da wuya. Harsashin da ya fita da mita 800 a sakan, kafin ya kai mita 100 ƙasa ta janyo shi da kusan santimita 8. In wani ya gaza shi da mita 20 a sakan, bambancin faɗuwarsu a wannan tazara bai kai rabin santimita ba, ba ma za ka lura ba. A mita 300 ya zama santimita 4 ko 5. A mita 500 ya doshi 15. Ke nan a kusa, rashin daidaiton gudu yana ɓuya, sai an yi nisa yake tona kansa.

To me ke warwatsa huji a mita 100, in ba gudu ba? Nan ne maganar ta fi daɗi, kuma nan na fi ɓata lokaci da ɗalibai.

Bututun bindiga ba ya tsayawa cik lokacin harbi. Girgiza yake yi, bakinsa na kaɗawa sama da ƙasa kaɗan-kaɗan yadda ido ba zai gani ba, harsashi kuma na fita a tsakiyar wannan kaɗawa. Harsashin da ke barin baki daidai lokacin da kaɗawar ta kai ƙarshenta ta ɗan lafa, shi ke taruwa wuri ɗaya. Wanda ke fita lokacin da bakin ke tsakiyar tafiya, ɗan bambanci kaɗan sai ya jefa shi wani wuri. Kowace bindiga da irin girgizarta, ko da masana'anta ɗaya ta ƙera su rana ɗaya. Sannan ga tsagar nan da ke murɗe a cikin bututu, wadda ke sa harsashi ya tafi yana juyawa don kada ya wuntsila. Dogon harsashi mai nauyi yana buƙatar murɗa mai tsanani fiye da gajere. Sojojin Amurka sun ga haka a harsashin 5.56: tsohuwar bindigarsu M16A1 murɗarta zagaye ɗaya ce a inci 12, daidai da ƙaramin harsashinta na gram 3.6. Da NATO ta karɓi harsashin SS109 na Beljiyam mai gram 4 a 1980, tsohuwar murɗar ta kasa riƙe shi, aka koma zagaye ɗaya a inci 7. Kwanso ɗaya, faɗin harsashi ɗaya, ya shiga bindiga lafiya lau, amma a allo sai ka ga huji a karkace. Manomi zai gane wannan nan take: irin geron da ya yi kyau a ƙasar Madarunfa ba lalle ya yi a jigawar Dakoro ba, alhali ba abin da ya sami irin.

Misalin da ya fi rufe bakin masu son gudu shi ne ƙaramin harsashin .22 LR. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan in zafi na digiri 20. Harsashin .22 mai sauri yana fita sama da haka, sai kuma ya faɗo ƙasa da gudun sauti a hanya, kuma wajen ƙetare wannan iyaka yakan ɗan yi tangaɗi. Shi ya sa masu gasar harbi na duniya da gangan suke zaɓen wanda tun daga baki bai kai gudun sauti ba. Sun biya kuɗi mai yawa don su sami harsashi mai jinkiri.

Ba ina cewa gudu ba shi da amfani ba ne. Ƙarfin duka yana tafiya da gudu sau kansa, in gudu ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin ya ƙaru da 21. Mai sauri ba ya lanƙwasa ƙasa da wuri, iska ma ba ta samun lokacin ture shi sosai. Shi ya sa 7.62×39 na Kalashnikov, mai gram 8 da gudun kusan mita 715, yake sarewa da wuri in aka kwatanta shi da 7.62×51 mai kusan 850. Amma wannan bambanci ne tsakanin jinsi da jinsi. Tsakanin kwali biyu na jinsi ɗaya, ƙarin mita 30 ko 40 ba ya sayen komai sai ƙarin shuri a kafaɗa da saurin cinye bututu, in dai hujin a warwatse suke.

Yadda ake gwadawa shi ma darasi ne, wataƙila ma mafi tsada. Da sassafe muke fita kafin iska ta tashi. Mutum ɗaya ke harbi, a kwance, bindiga bisa buhun yashi gaba da baya, allo a mita 100 da aka auna da igiya, ba da taku ba. A bar bututu ya huce tsakanin zagaye, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin kwalayen don kada ɗaya ya sami sanyin safiya ɗaya ya sami rana. In an gama, a auna daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar huji, tsakanin biyun da suka fi nisa da juna. Masana suna da ma'auni, minti ɗaya na kusurwa, wanda a mita 100 yake kusan santimita 2.9. Bindigar da ke tara hujinta cikin wannan ta yi kyau ƙwarai, harsashin soja na gama-gari kuwa ba a ma gina shi don haka ba, ninki biyu ko uku yakan yi.

Harbi uku ba gwaji ba ne. Uku na iya haɗuwa wuri ɗaya bisa sa'a kawai, kuma su yara ke yankewa su ajiye a aljihu suna nunawa. Goma nake nema, a maimaita. Kullum kuma sai an sami huji ɗaya da ya ware can gefe, kullum kuma sai an roƙe ni a kansa.

"Shef, wannan ɗayan kada a ƙirga shi, hannuna ne ya motsa."

"Ka faɗa tun kafin mu je allo?"

"A'a, Shef."

"To ɗana, na harsashi ne har sai an tabbatar da ba nasa ba. Rubuta shi."

Dokar ke nan: wanda ya ji kunamar bindiga ta kufce masa, ya faɗa nan take kafin a duba, sai a sa alama. Wanda aka gani a allo sannan aka nema masa uzuri, yana cikin lissafi. Na tsananta a kan wannan saboda hujin da ya ware shi ne ainihin abin da muke nema mu sani. Dajinmu ba kango ba ne. A Baban Rafi akwai mata masu itace, akwai makiyaya da shanunsu, gonaki kuma sun zo har bakin daji. A Gadabeji akwai raƙuman dawa da aka kawo daga yankin Kure a 2018, waɗanda tsaronsu ne ma ya kai ma'aikaci wurin. Harsashin babbar bindiga in ya kuskure abin da aka auna, yana iya tafiyar kilomita uku zuwa huɗu kafin ya faɗi, ƙaramin .22 ɗin nan ma kusan biyu. Ma'aikacin da bai san faɗin warwatsuwar harsashinsa ba, bai san tazarar da ya kamata ya sauke bindiga ya haƙura ba. Wannan ne ke hana ni barci, ba lambar kwali ba.

Akwai wata lamba a kwalin da ba wanda ke karantawa, alhali ta fi ta gudu amfani: lambar zubi, wadda ke nuna rukunin da aka ƙera tare. Suna ɗaya, nauyi ɗaya, masana'anta ɗaya, amma zubin bana da na bara na iya bambanta a albarushi ko a ƴar hular gindi, har wurin bugu ya gusa. Duk lokacin da sabon zubi ya iso, saiti sabo ne. Tsofaffin harsasan soja kuma, musamman na 7.62×39 da aka ƙera a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, da yawansu hularsu na barin gishiri a bututu. Da rani ba a cika gani ba, amma da damina, in ba a wanke da ruwa an busar an shafa mai a ranar ba, tsatsa za ta ci tsagar ciki, daga nan kuma ko wane harsashi aka kawo ba zai gyara ba.

Abin da nake roƙon masu sayo mana kaya da masu riƙon ma'aji, har yau da bakina, bai wuce abu uku ba. A sayo zubi ɗaya mai yawa maimakon tsince-tsince. A ware wani kaso na gwaji tun ranar da kaya suka iso, a daina kallonsa a matsayin ɓarna, domin akwai wuraren da sai an yi ta jayayya kafin a saki harsashi goma na allo. Sannan kowace bindiga ta sami ɗan littafinta: lambarta, lambar zubin da aka gwada, ranar, zafin ranar, faɗin huji, da inda aka bar saiti. In aka yi wa mai ita canjin wurin aiki, littafin ya bi bindigar zuwa hannun wanda ya gaje ta, kuma a sake fita allo sau biyu a shekara, ɗaya da hunturu, ɗaya kafin ruwan farko.