Karatun Jami'a ga Yaran da Ba Su da Takardun Zama a Amurka

A Amurka, yaron da ba shi da takardun zama yana da 'yancin shiga makarantar gwamnati tun daga firamare har ƙarshen sakandare ba tare da an caje shi ko sisi ba. Kotun Ƙolin ƙasar ce ta tabbatar da haka a shekarar 1982, a shari'ar da aka sani da Plyler da Doe, bayan jihar Texas ta nemi hana irin waɗannan yara gurbi a makarantunta. Sai dai hukuncin bai shafi karatun gaba da sakandare ba. Saboda haka yara da yawa ba sa gane halin da suke ciki sai a ajin ƙarshe, ranar da abokansu suka fara cike fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya mai suna FAFSA, aka zo gurbin lambar Social Security (lambar shaida da gwamnati ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki), yaro ya koma gida ya tambayi iyayensa, su kuwa suka yi shiru.

Akan ɗauka cewa wannan matsala ta mutanen Meziko da maƙwabtansu ce kawai, alhali ta shafe mu. A unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York akwai iyalai daga Ghana da Nijar da Najeriya da suka shiga da bizar ziyara, wa'adinta ya ƙare suka ci gaba da zama, 'ya'yan da suka zo da su ƙanana kuma suka girma ba su san wata ƙasa ba sai Amurka. Ƙiyasin masu bincike ya nuna cewa ɗalibai marasa takardu a manyan makarantun ƙasar sun haura dubu 400.

Daga ɓangaren gwamnatin tarayya ƙofa a rufe take. Ɗalibi marar takardu ba ya samun tallafin Pell, wanda ake ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ba ya samun bashin karatu na tarayya, ko da kuwa yana cikin shirin DACA. Shirin nan, wanda Shugaba Obama ya ƙaddamar a watan Yunin 2012, yana ba da kariya daga kora da izinin aiki na shekara biyu da ake sabuntawa, amma sharaɗinsa shi ne mutum ya shigo kafin ya cika shekara 16 kuma yana zaune a ƙasar tun Yunin 2007. Yawancin yaran da ke gama sakandare a yanzu ba a ma haife su ba a Yunin 2007, kuma tun 2021 umarnin kotu ya dakatar da amincewa da sababbin masu nema. Ƙudirin DREAM Act, wanda zai ba su hanyar samun zama na dindindin, an fara gabatar da shi a majalisar dattawa tun 2001, har yau bai zama doka ba.

Abin da ya rage shi ne jihohi, kuma a nan ne duk mai son taimakawa ya kamata ya zuba hankalinsa. Jami'o'in gwamnati suna da farashi biyu, na ɗan jiha da na baƙo, kuma na baƙo yakan ninka na ɗan jiha sau biyu ko uku. Texas da California ne suka fara, a 2001, barin ɗalibi marar takardu ya biya kuɗin ɗan jiha, muddin ya yi shekara uku a jihar, ya gama sakandare a can, ya kuma sa hannu a takardar rantsuwa cewa zai nemi gyara matsayinsa da zarar doka ta ba shi dama. California ta ƙara gaba a 2011 inda ta buɗe musu tallafin jiha, New York ma ta yi haka a 2019 da dokar da aka sa wa sunan marigayi Sanata José Peralta. A ɗaya gefen kuma, South Carolina da Alabama sun haramta musu shiga jami'o'in gwamnati kwata-kwata. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake janye abin da aka riga aka bayar: a 2025 Florida ta soke rangwamen biyan kuɗin ɗan jiha da take ba su, Texas ma, wadda ita ce ta fara, ta rasa nata a watan Yuni bayan ma'aikatar shari'a ta tarayya ta shigar da ƙara, gwamnatin jihar kuwa ta ƙi kare dokar. Ɗaliban da suka yi nisa da karatu sun wayi gari kuɗin zangon da ke tafe ya fi ƙarfinsu. Don haka shawarar da ta yi wa yayan yaro aiki shekara uku da suka wuce ba lallai ta yi wa ƙanensa aiki bana ba, dole ne a sake bincika dokar jihar kowace shekara.

Akwai wani bambanci da iyaye da yawa ba su sani ba, kuma rashin saninsa yana jawo asara babba. Yaron da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, yana da haƙƙin neman tallafin tarayya ko da iyayensa ba su da takardu. Fargabar iyaye game da rubuta sunayensu a fom ɗin gwamnati ba ta banza ba ce, musamman a wannan lokaci, amma maganinta shi ne a zauna da lauyan shige da fice ko jami'in tallafin karatu na makarantar kafin a yanke shawara, maimakon a bar yaro ya haƙura da karatu.

Ga wanda aka haifa a waje, bayan tallafin jiha akwai gidauniyoyi masu zaman kansu irin su TheDream.US da Golden Door Scholars, kuma wasu jami'o'i masu dukiya kamar Harvard da Princeton suna ba da tallafi gwargwadon buƙatar ɗalibi ba tare da duba matsayinsa ba. Guraben nan kaɗan ne. Hanyar da ta fi sauƙi ga mafi yawa ita ce kwalejin al'umma ta shekara biyu, mai arha, daga nan a wuce jami'a a ƙarasa digiri. Iyayen da ke biyan haraji da lambar ITIN, wato lambar biyan haraji da ake ba wanda ba shi da lambar Social Security, su adana takardunsu, domin da su ake tabbatar da abin da gida ke samu a shekara.

Ƙungiyoyinmu da masallatanmu a can sun iya haɗa kuɗi cikin kwana ɗaya idan an yi rasuwa ana son mayar da gawa gida. Ina ganin lokaci ya yi da za su ware asusu na dindindin domin kuɗin rajista da littattafai da kuɗin mota na waɗannan yara, su kuma naɗa mutum ɗaya mai riƙon sirri da iyaye za su iya gaya wa gaskiya tun yaro yana aji biyu na sakandare. Aikin farko na wannan mutum shi ne ya raba iyalai da 'yan damfara masu alkawarin samar da takardu, ya kuma gargaɗi kowane yaro kada ya kuskura ya rubuta a wani fom cewa shi ɗan ƙasa ne, domin a dokar Amurka wannan ƙarya guda tana iya hana shi samun takardun zama har abada.